Daga Raɗa a Kunne Zuwa Lasifika: Yadda Mabiya Addinin Hindu Ke Karatun Mantra

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

 Yau shirin zai yi tattaki zuwa ƙasar Indiya, domin duba wata al'adar ibada da ta haura shekara 3,000 ana yinta, wato karatun mantra da rera waƙoƙin bege a addinin Hindu. Manufar shirin ita ce sanin yadda sauran al'ummomin duniya ke rayuwa, ba wa'azi ba ne, ba kuma muhawara ba.

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan sauti. Tun shekarun 1950 da masu gidajen silima 'yan Labanan suka fara shigo da finafinan Indiya arewacin Najeriya, har zuwa yau da ake kallon fassararsu a wayar hannu, mai kallo ya sha ganin ango da amarya suna zagaya wuta, wani dattijo yana zuba man shanu a cikinta yana karanta wasu kalmomi da sauri. Ko mai fassara yakan yi shiru a wannan wuri, domin abin da dattijon ke faɗa ba Indiyancin da jarumi da jaruma ke hira da shi ba ne. Harshen Sanskirit ne, kalmomin kuwa su ne mantra. Abin ba ado ne na fim kawai ba: dokar auren 'yan Hindu ta 1955 ta tanadi cewa inda al'adar ma'aurata ta ƙunshi taku bakwai a gaban wuta, to aure na ƙulluwa ne a daidai taku na bakwai.

Mantra na iya zama gaɓa ɗaya tak, ko sunan abin bauta, ko baiti guda, ko doguwar waƙar yabo, waɗanda mabiya suka yi imani cewa furta su yadda ya kamata yana da tasiri. Mabiya addinin Hindu a Indiya kaɗai sun kai miliyan 966 a ƙidayar 2011, kusan kashi 80 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Amma a wannan ƙidaya, mutum 24,821 ne kawai suka ce Sanskirit ne harshensu na gida. Ke nan harshe ne da kusan ba a cinikin kasuwa da shi, amma kowace safiya yana fita daga bakin miliyoyin mutane. Yadda aka yi hakan ta kasance labari ne mai rassa biyu: reshen tsarewa da ɓoyewa, da reshen buɗewa da yayatawa.

Tushen al'amarin yana cikin littattafan Veda guda huɗu: Rigveda, Samaveda, Yajurveda da Atharvaveda. Mafi tsufa ita ce Rigveda, mai waƙoƙin yabo 1,028 da baitoci sama da 10,500, a kashi goma. Masana na ƙiyasta cewa an tsara ta tsakanin shekara ta 1500 zuwa 1200 kafin Miladiyya, a yankin Punjab da a yau ya rabu tsakanin Indiya da Pakistan. Samaveda kuwa kusan dukkan baitocinta daga Rigveda aka ɗebo su, sai dai an ɗora su a kan kari domin rerawa, shi ya sa makaɗan gargajiyar Indiya ke cewa daga nan kiɗansu ya samo asali.

Kiran su littattafai ma sai a hankali. Ɗaruruwan shekaru aka yi ba a rubuta su ba, ko bayan rubutu ya yaɗu a Indiya malaman Veda sun ci gaba da ƙyamar koyo daga takarda. A cibiyar bincike ta Bhandarkar da ke birnin Pune akwai rubutattun kwafen Rigveda guda 30 da hukumar UNESCO ta sa a kundin taskar tarihin duniya a 2007. Wanda ya fi tsufa cikin masu ɗauke da kwanan wata na shekarar 1464 ne. Tsakanin lokacin da aka tsara waƙoƙin da wannan kwafi akwai tazarar fiye da shekara 2,500, kuma kusan duk nauyin wannan tazara baki da kunne ne suka ɗauke shi, daga malami zuwa almajiri.

Abin da suka tsare ba kalmomi kaɗai ba ne, har da karin sauti. Kowace gaɓa a karatun Veda tana da matsayinta: mai hawa, mai sauka, ko mai faɗuwa daga sama zuwa ƙasa. Mai jin Hausa zai fi kowa saurin gane wannan, tunda ya san kukan jariri daban, kukar miya daban, alhali baƙaƙensu da wasulansu ɗaya, karin murya ne kawai ya raba su. Malaman Veda na jan kunnen almajirai da wani tsohon labari. Wai wani abin bauta mai suna Tvashtar ya yi fushi da Indra, sarkin ababen bautarsu, sai ya hura wutar hadaya yana roƙon ɗa wanda zai kashe Indra. Da ya zo kan kalmar roƙon, sai ya ɗaga murya a gaɓar da ba ita ba, ma'ana ta juye ta koma wanda Indra zai kashe. Aka haifi ɗan, mai suna Vritra, Indra kuwa ya hallaka shi.

Saboda haka koyarwar ta shiga har jiki. A jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya, a cikin dangin malamai da ake kira Nambudiri, malami kan dafa kan yaro da hannunsa, ya ɗaga shi sama, ya sunkuyar da shi, ya karkata shi gefe, gwargwadon yadda sauti ke tafiya. Daga baya yaron ya koyi alamomin yatsu da ke nuna kowane irin sauti, har ta kai masana biyu na iya gyara wa juna karatu da hannu kawai ba tare da an buɗe baki ba. Yaro kan fara yana ɗan shekara bakwai ko takwas, a al'adance kuma shekara 12 ake ba kowace Veda.

Babbar dabarar da ta hana kuskure shiga ita ce saƙa kalmomi. Hanyoyin karatun sun kai 11. Da farko almajiri zai haddace baitin a jere yadda yake. Sai ya sake haddace shi kalma-kalma, a rarrabe. Sai ya koma biyu-biyu: ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta uku da ta huɗu. Daga nan a shiga gaba da baya. Ƙololuwa ita ce hanyar da ake kira ghana, wadda tsarinta yake haka: ɗaya-biyu, biyu-ɗaya, ɗaya-biyu-uku, uku-biyu-ɗaya, ɗaya-biyu-uku, sannan a matsa gaba a faro daga ta biyu. A wannan tsari kowace kalmar tsakiya tana fitowa sau 13, kowane karo da maƙwabciya a gabanta ko a bayanta. Idan wata gaɓa ta faɗi a wuri ɗaya, sauran wuraren za su tona asiri. Wanda ya ƙware a nan ana yi masa laƙabi da Ghanapathi, kuma laƙabi ne da ba a samunsa da araha.

Wannan tsantseni ya haifar da ilimin da duniya ta amfana da shi. Domin kada furuci ya gurɓace, malaman Indiya suka nazarci inda kowane sauti ke fitowa, suka jera baƙaƙensu bisa tsarin baki: a faro daga can cikin hanɗa, a zo ganɗa, a gangaro zuwa haƙora, a ƙare a leɓɓa. Har yau haka jerin baƙaƙen Hindi da Bengali da sauransu yake. A wajen ƙarni na 4 kafin Miladiyya, wani masani mai suna Panini, ɗan yankin Gandhara a Pakistan ta yau, ya tsara nahawun Sanskirit a taƙaitattun ƙa'idoji kusan 4,000. A 1786 wani alƙali Bature, William Jones, ya tsaya gaban taron masana a Kalkata ya bayyana cewa Sanskirit da Girkanci da Latinanci daga tsatso ɗaya suka fito, maganar da ta zama harsashin nazarin dangantakar harsuna a Turai.

To shin mai karatu ya san ma'anar abin da yake faɗa? Tambayar ta tsufa. Tun kafin Miladiyya, masani Yaska ya kawo ra'ayin wani mai suna Kautsa da ke cewa mantra ba su da ma'ana, sannan ya mayar masa da martani. A watan Afrilun 1975 batun ya sake tashi, lokacin da Frits Staal, farfesa ɗan ƙasar Holan da ke koyarwa a Amurka, ya ɗauki hoton wata hadayar wuta ta kwana 12 a ƙauyen Panjal na Kerala. Malamai 17 ne suka gudanar da ita, a kan dandamalin da aka gina da tubala 1,000 cikin siffar tsuntsu, a ƙarshe kuma aka cinna wa rumfunan wuta kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Staal ya fito da ra'ayin cewa a irin wannan hidima tsarin sauti da daidaiton aiki su ne kome, ma'ana tana baya. Masana da yawa, na Indiya da na waje, sun ƙi yarda da shi, amma babu mai musun cewa almajiri kan yi shekaru yana hadda kafin a fara yi masa fassara.

Cikin dubban baitocin Rigveda akwai guda ɗaya da ya fi kowanne shahara, wato Gayatri. Yana cikin kashi na uku, ana jingina shi ga wani mai hikima Vishvamitra, ɗangonsa uku ne, kowanne gaɓa takwas a ƙa'idar karinsa, jimla 24. Roƙo ne ga Savitar, abin bauta mai alaƙa da rana, cewa ya haskaka tunanin masu roƙo. Ana karanta shi da ketowar alfijir, da tsakar rana, da faɗuwarta. A al'adance yaro ba ya tsintar wannan baiti a hanya. Sai an yi masa bikin rataya zare a kafaɗa, a lulluɓe shi da mahaifinsa ko malaminsa da mayafi ɗaya, sannan a raɗa masa a kunne.

Wannan mayafi ya bar mutane da yawa a waje. Tsarin rukunin haihuwa na Indiya ya keɓe karatun Veda ga mazan rukunai uku na sama, koyar da shi kuma ga rukunin malamai, wato Brahmin, kaɗai. Wasu tsofaffin littattafan dokoki sun tanadi mummunan horo ga ɗan rukunin ƙasa da ya kuskura ya saurara. Mata ma an nesanta su, duk da cewa cikin waɗanda ake jingina wa waƙoƙin Rigveda akwai mata irin su Ghosha da Lopamudra. Dabarar da ta tsare sauti shekaru dubbai, ita ce kuma ta zama katanga.

[ƊAN GUNTUN KIƊA]

Masu sauraro, ana tare da shirin faɗakarwa, yau kuma batun karatun mantra ake yi a addinin Hindu. Yanzu sai reshe na biyu.

Daga kudu aka fara fasa katangar. Tsakanin ƙarni na 6 da na 9, mawaƙan bege suka bazu a ƙasar Tamil: 12 masu begen abin bauta Vishnu da ake kira Alvar, cikinsu har da mace ɗaya, Andal, da 63 masu bautar Shiva da ake kira Nayanar. Da harshen Tamil suka yi waƙa, wasunsu kuma daga ƙananan rukunai suka fito. An tattara baitocin Alvar kusan 4,000, har ana kiran su Vedar Tamil, ana rera su a wuraren bauta kafaɗa da kafaɗa da Sanskirit. Mabiya malami Ramanuja, wanda ya rayu a ƙarni na 11 zuwa na 12, na ba da labarin cewa sau 18 ya yi tattaki zuwa garin Tirukkoshtiyur kafin malaminsa ya yarda ya buɗe masa sirrin wata mantra mai gaɓa takwas, da sharaɗin kada ya faɗa wa kowa, in ba haka ba azaba na jiransa. Fitowarsa ke da wuya sai ya haye hasumiyar wurin bauta ya shelanta wa jama'a, yana ganin halakar mutum ɗaya ba ta kai tsirar taro ba.

Ibadar da talaka ya fi riƙewa ita ce japa, wato maimaita suna ko gajeriyar mantra. Ana yinta da carbi mai ƙwaya 108, da ƙwaya ɗaya babba wadda ba a tsallake ta. In an iso gare ta sai a juya carbin a koma baya. Masu bautar Shiva sun fi son ƙwallon itacen rudraksha, masu bautar Vishnu da Krishna kuwa sai wanda aka sassaƙa daga icen tulsi, wani tsiro ɗan uwan ɗoɗɗoya. Ba a taɓa ƙwayar da manuniya, da babban yatsa da na tsakiya ake ja, sau da yawa hannun na cikin wata 'yar jaka. Matakan uku ne: da murya a fili, da motsin leɓe, da zuci. Littafin dokokin Manu ya fifita na zuci nesa ba kusa ba a kan sauran.

Kusan kowace mantra da gaɓar Om take buɗewa. Akwai wani ɗan littafin falsafa, Mandukya Upanishad, mai sakin layi 12 kacal, wanda bai yi bayanin kome ba sai ita. Ya raba ta sauti uku ya danganta su da halin farke, da halin mafarki, da barci mai nauyi, sannan ya ce akwai hali na huɗu da ya wuce duka ukun.

Wasu kuma da alƙalami suke japa. A birnin Varanasi, bakin kogin Ganga, akwai wani banki da aka kafa tun shekarun 1920 wanda ba ya karɓar kuɗi ko sisi. Abin da ake ajiyewa a cikinsa takardu ne da mutane suka cika da sunan abin bauta Rama. Mai neman biyan buƙata zai ci bashi, biyan bashin kuwa shi ne ya rubuta sunan sau 125,000 da jan tawada, 500 a kowace rana, ya kawo a ɗaure a ajiye.

Sai kuma rerawa cikin taro, wato bhajan da kirtan, inda jagora ke ba da ɗango jama'a su amsa. A jihar Maharashtra, duk damina 'yan ɗariƙar Varkari kan tashi daga garuruwan Alandi da Dehu, ɗauke da takalman waliyyansu Dnyaneshwar na ƙarni na 13 da Tukaram na ƙarni na 17, su yi tafiyar kusan kilomita 250 a ƙasa cikin mako uku zuwa Pandharpur. Dubban ɗaruruwa ne, yawancinsu manoma, suna tafe suna rera waƙoƙin Marathi suna kaɗa 'yan faya-fayan tagulla. A Bengal kuwa, Chaitanya, wanda aka haifa a Navadvip a 1486, shi ya fito da waƙar bege daga cikin gida zuwa kan titi, da gangar yumɓu da rawa, yana koyar da cewa a wannan zamani ambaton suna ya wadatar, ba sai hadaya ko zurfin karatu ba. A arewa Tulsidas ya fara rubuta tarihin Rama da harshen Awadhi a 1574, gare shi kuma ake jingina Hanuman Chalisa, waƙa mai baiti 40 da yara ke haddacewa tun ba su shiga makaranta ba.

Akwatin kiɗa mai zuga-zugi da ake gani gaban mai ba da waƙa, wato hamoniyam, ɗan ci-rani ne daga Turai. A ƙarni na 19 ya iso, maƙeran Kalkata suka sauya shi yadda za a zauna a ƙasa a zuga da hannu ɗaya a danna da ɗaya. Masana kiɗa sun yi ta ƙorafin cewa ba ya iya lanƙwasa sauti irin na Indiya, har gidan rediyon ƙasar ya haramta shi daga 1940 zuwa 1971. Haramcin bai hana shi mamaye wuraren bauta ba.

Gayatri ma daga baya ta fito daga ƙarƙashin mayafi. Ƙungiyar Arya Samaj da Dayananda Saraswati ya kafa a Bombay a 1875 ta ce Veda haƙƙin kowa ce, mace da namiji, babba da ƙarami a rukuni. A Haridwar, cibiyar Shantikunj da Shriram Sharma ya buɗe a 1971 ta mayar da yaɗa wannan baiti babban aikinta. A Pune kuma tun shekarun 1970 ake horar da mata su jagoranci ɗaurin aure da sauran hidimomi, ko da yake har gobe akwai masu ra'ayin riƙau da ba su gamsu ba.

Rediyo ya taka tasa rawar. Tun farkon shekarun 1930, tashar Kalkata ke watsa wani shiri na kimanin awa ɗaya da rabi da ƙarfe huɗu na asubar ranar Mahalaya, mako guda kafin bikin abar bauta Durga. A ciki Birendra Krishna Bhadra ke karanta baitocin Sanskirit na labarin yadda Durga ta ci galabar wani aljani mai siffar ɓauna, ana sirka su da waƙoƙin Bengali. Shi kansa ba Brahmin ba ne, kuma an yi gunaguni a kan haka da farko. A 1976 hukumar gidan rediyon ta ga ya kamata a sabunta, ta ɗauko Uttam Kumar, jarumin finafinan Bengal da ba shi da na biyu a lokacin, aka shirya sabo fil. Masu sauraro suka yi ca, ƙorafi ya yi yawa har dole ta sa aka maido da tsohon shirin cikin 'yan kwanaki. Bhadra ya mutu a 1991, amma muryarsa da aka naɗa ce har yanzu ke tashin mutanen Bengal a wannan asuba.

A kudu, faifan da mawaƙiya M. S. Subbulakshmi ta naɗa a 1963 na waƙar tashin abin bautar Tirumala daga barci ya zama sautin safiya a gidaje da shagunan shayi. Ita ce mawaƙiya ta farko da ta samu Bharat Ratna, lambar yabo mafi girma a Indiya, a 1998. Shekarun 1980 suka zo da kaset mai araha, kamfanin T-Series na Gulshan Kumar ya cika kasuwa da waƙoƙin bege. Hanuman Chalisa da wannan kamfani ya ɗora a YouTube ta haura kallo biliyan 3 a 2023, bidiyon Indiya na farko da ya kai haka. Lasifika kuwa ta yi yawa har ta kai ga kotu: a 2005 Kotun Ƙolin Indiya ta jaddada hana amfani da ita a fili daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ba tare da ware wani addini ba.

Sautin ya kuma ƙetare teku. A 1965 wani dattijo ɗan shekara 69, Bhaktivedanta Swami Prabhupada, ya sauka Amurka daga jirgin ruwan dakon kaya. A shekarar da ta biyo ya kafa ƙungiyar da aka fi sani da Hare Krishna a birnin New York, ya zauna gindin wata bishiya a dandalin Tompkins yana rera mantra mai kalma 16 da aka gina da sunaye uku. A 1969 George Harrison na ƙungiyar mawaƙan Beatles ya naɗa ta a faifai, ta hau matsayi na 12 a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. Cikakken ɗan ƙungiyar Hare Krishna kan ɗauki alkawarin zagaya carbi sau 16 kullum, wato maimaici 1,728, aikin kusan awa biyu. A Afirka ta Yamma ma akwai su, kuma a unguwar Odorkor ta birnin Accra akwai gidan ibadar Hindu da wani ɗan Ghana, Swami Ghanananda Saraswati, ya jagoranta daga 1975 har mutuwarsa a 2016, inda 'yan ƙasa ke karatu da Sanskirit.

Me masana kimiyya suka gano? A 2001 mujallar likitocin Birtaniya ta buga binciken Luciano Bernardi na jami'ar Pavia a Italiya. Ya sa mutum 23 suka karanta addu'ar carbin Katolika da Latinanci, suka kuma karanta wata mantra ta yoga. A duka biyun numfashi ya sauko zuwa kusan sau shida a minti, bugun zuciya da hawan jini suka fi tafiya tare. Darasin shi ne tsarin numfashi ne ke aikin, ba wani harshe ba. A 2016 kuma James Hartzell da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon hoton ƙwaƙwalwar mahaddatan Yajurveda 21, suka ga wasu sassa masu alaƙa da harshe da tunawa sun fi na sauran mutane kauri. Binciken bai kwatanta su da mahaddatan wani harshe ba, don haka bai nuna cewa sirrin na Sanskirit ba ne.

A nan ya kamata mai waya a hannu ya yi hattara. Akwai wani bidiyo da ya sha zagaya intanet yana cewa hukumar NASA ta naɗi sautin rana ta ji tana furta Om. Hukumar ba ta taɓa faɗin haka ba. Abin da masana suka yi shi ne mayar da girgizar da na'urori suka auna a jikin rana zuwa wani gunji da kunnen mutum zai iya ji. Haka nan duk mai tallar cewa wani karatu na warkar da ciwon daji ko ciwon suga, babu gwajin asibiti da ya tabbatar masa.

Yayin da reshen buɗewa ke ta bunƙasa, tsohon reshe yana fama. A 2003 UNESCO ta ayyana karatun Veda cikin muhimman kayan gadon ɗan Adam, ta kuma bayyana cewa cikin mazhabobin karatu fiye da 1,000 da aka taɓa yi, 13 kaɗai suka rage, wasu a Maharashtra da Kerala da Karnataka da Odisha na gab da ɓacewa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iyaye na auna shekara 12 na hadda da takardar shaidar injiniya ko likita. Gwamnatin Indiya ta kafa wata hukuma a 1987, wadda yanzu mazauninta ke Ujjain, tana biyan malamai alawus, tana tallafa wa almajirai, tana kuma haɗa musu da lissafi da Turanci domin su samu abin yi in sun gama.

A Kerala sun farfaɗo da tsohuwar hanyar zaburar da matasa, wato gasa. Duk tsakiyar Nuwamba, makarantun Rigveda biyu masu daɗaɗɗiyar hamayya, ta Thrissur da ta Thirunavaya, kan haɗu a wurin bautar Rama da ke ƙauyen Kadavallur. Ɗan wannan ɓangare zai zauna ya karanta cikin saƙaƙƙun hanyoyin nan, malaman wancan ɓangare sun kasa kunne suna jiran ya yi tuntuɓe ko da a gaɓa ɗaya. Gasar ta tsaya a 1947, aka dawo da ita a 1989, kuma a yanzu ana haɗa ta da taron ƙara wa juna sani da malaman jami'o'i ke halarta.

Masu sauraro, a nan shirin na yau ya kawo ƙarshe. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]